Shafin da Na Naɗe Ƙosai da Shi

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Shekaranjiya takardar naɗe ƙosai ta ƙare mini, masu saye a tsaye, na yagi shafi ɗaya a ƙamusun Turancin 'yata Shafa'atu. Ashe shafin L ne, wanda za a yi musu jarrabawa a kansa. Da ta tambaya, na ce akuyarmu ce ta ci.

To, sai ga ni a wani gari inda ruwan sama ke fitowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane sun riƙe lema a ƙarƙashin ƙafa. Aka tura ni wani ofis. Ma'aikatan duk awaki ne, babbarsu kuwa akuyata ce, da tabarau, tana tauna fayil.

"Inna Hajjo," in ji ta, "an ce ni na ci L."

Na ce, "Ranki ya daɗe, haka aka ce."

"Wa ya ce?"

Ta nuna taga da kofato. Can ga Shafa'atu a ɗakin jarrabawa, takardarta fari fat, agogon bango yana tafiya da baya zuwa sifili.

Akuya ta ce, "Maiƙo ya jiƙa shafin, ma'anoni sun zame. Ki mai da wa kowa sunansa kafin lokaci ya cika, in ba haka ba ta fita hannu wofi."

Aka shigo da fitila, da tsani, da zaki, da ƙadangare, kowa ya yi zuru, bai san ko shi wane ne ba. Ni da na tsaya aji huɗu! Na ɗauki kalmar lamp daga tebur na manna wa tsani, tsani ya kama da wuta. Na ba ƙadangare lion, ya yi ruri har tabaraun akuya ya faɗi. Zaki ya karɓi lizard, ya haye bango yana gyaɗa kai. Duk kuskuren da na yi, sai yatsa ɗaya na Shafa'atu ya sandare a kan biro.

Saura kalma ɗaya, tana ɗigar mai. Akuya ta karanta a hankali: "Liar, wato maƙaryaciya. Wannan ta wace ce?"

Na duba layi, ba kowa. Kalmar ta sauko daga tebur, ta rarrafo, ta kwanta a bakin zanena kamar ta san gida. Kunya ta rufe ni.

Ƙarar buɗe takardu ce ta tashe ni. Shafa'atu na zaune bakin ƙofa, tana shafa gurbin shafin da yatsa.

"Inna, akuya tana yaga takarda a miƙe haka?"

A tsakar gida akuyar ta daina tuƙa, ta ɗago kai.

Na ce, "Ƙyale ta. Ɗauko mayafina mu je gidan malamarku, Malama Uwani, aron ƙamusunta. Zan faɗa miki a hanya."