Gangar Kofur Garba

"A farke ta tun yana da rai," in ji Malam Shehu, yana nuna gangar soja da ke rataye a bango. "In ba haka ba, liman ya ce ba zai tsaya kan gawar makaɗin otal ba."

Ɗahiru akawu, maƙwabcin gidan, ya ji ransa ya tafasa. Tun farkon damina Kofur Garba ke tarin jini a wannan ɗaki na Unguwar Shanu. Ana jin sa ta katanga, a ce Allah ya sawwaƙe, a wuce. Da Ɗahiru ya matsa a kai shi asibiti, sai aka ce 'yan boko ba su da tawakkali. Ranar da ya samo mota da kansa, likita ya ce an makara. Yau kuma ga wan Garba, Malam Shehu, ya taso takanas daga Zariya, ba magani a hannunsa, sai wuƙa.

"Malam, huhunsa ne ya ruɓe, ba ganga ba."

"Kai yaro, da kai nake?"

Garba ya buɗe ido. "Akawu, ɗauko min garmahonka. Da faifan nan na Amurka."

Ɗahiru ya ɗauko, ya wana, ya ɗora allura. Kiɗan da samarin Sakateriya ke kira rok-an-rol ya cika ɗakin. Malam Shehu ya koma bakin ƙofa ya juya baya, yana istigfari.

"Saurara," in ji Garba, yatsansa na bugun katakon gado. "Bugu na fari su bar shi, na biyu su doka. Su bari, su doka. Mai waƙa ya kira, jita ta amsa. Amshi ne, irin na mata a wurin daka." Ya tsaya ya ja numfashi. "A Indiya na fara jin sa lokacin yaƙi, wurin baƙaƙen sojan Amurka. A hankali suke yin sa, kamar mai kuka. Suka ce kakanninsu bayi ne suka bar musu shi a gonakin auduga da coci. Yanzu an haɗa shi da jitar Turawan ƙauye, an sa masa lantarki, yana gudu kamar jirgin Ikko." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Na so in buga shi ko sau ɗaya da ƙarfina."

Ɗahiru ya ce, "Kada ka bari su taɓa gangar, Kofur. Ko ni kaɗai ne zan yi maka salla."

"Makarar ma kai kaɗai za ka ɗauka?"

Garba ya dubi matarsa Hajara, tana tsugune da kwanon kunun da ya huce.

"Ni na tafi, Akawu. In aka ƙi gawata, ita za ta zauna a unguwar nan da abin kunyar." Ya ɗaga murya gwargwadon iyawarsa. "Yaya, kawo wuƙar. Ni zan yi."

Hannun ba shi da ƙarfi. Sai da Hajara ta riƙe masa gangar a cinyarta, ya danna har fatar ta tsage da ɗan ƙara kamar yagewar tsumma. Faifan ya riga ya ƙare, allura tana ta karce.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Shehu. "Ya tuba."

Kashegari bayan la'asar Garba ya cika. Jana'iza ta yi jama'a, har layi ya toshe. Mutanen da ba su taɓa leƙa ɗakin ba suna ture juna wajen kama makara. Ɗahiru ya tsaya a sahun baya, bai gaisa da kowa ba.

Ran sadaka ya shiga yi wa Hajara ta'aziyya. Tana zaune kan tabarma cikin mayafin takaba, ƙwarya kife a gefenta.

"Ya haƙuri, Inna?"

"Da godiya."

Idonta na kan ƙusar da ake rataye gangar, yanzu babu komai a jikinta. Yatsanta kuwa na kan ƙwaryar, ya bari, ya doka, ya bari, ya doka.