Kwat Mai Ruwan Toka

Mai Dila ya sa wuƙa ya yanke igiyar ƙarshe, dilar gwanjon ta kumbura ta baje a kan tabarma. Warin nan ya taso, warin kafur da na jirgin ruwa da na ɗakunan mutanen da ba wanda ya san su. Masu saye suka rufa mata, kowa na wawaso, mai jan hannun riga na ja, mai jan ƙafar wando na ja. Auta kaɗai ce ta tsaya gefe, ido a kan waya.

"Yau kuma lafiya, kwastoma?" in ji Mai Dila. "Ke da kike nutsewa cikin dila sai an jawo ki da ƙafa? Ko arziki ya zo ne ba mu ji ba?"

"Yana hanya, cunkoso ne ya tare shi," ta ce, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Sana'ar Auta ke nan shekara uku. Ta tsinto kayan maza masu kyau a cikin gwanjo, kwat da wando da rigar sanyi, ta wanke, a goge, ta ɗauki hoto, ta sa a wani shafin intanet inda ake tayi. Kowane kaya kwana bakwai yake yi a shafin, wanda ya fi tayi kafin agogo ya tsaya shi ke ɗauka. Ita kuwa ta gano tun da wuri cewa kwat a kan hanga gawa ce, sai ta hau kafaɗar mutum take magana. Shi ya sa babanta ne ke sa mata kayan tana ɗaukar hoto, daga wuya zuwa gwiwa, ba a ganin fuska.

Baba tela ne, ko a ce tela ne a da. Shekara arba'in ya yi yana ɗinka wa mutane kwat, har yanar ido ta rufe masa gani, zare ya daina ganin kafar allura. Tun daga ranar da aka lulluɓe kekensa da zane ya rage magana, ya rage tsawo ma. Ranar hoto ce kaɗai yake dawowa. Sai ya shafa kaya da tafin hannu ya fara ba da labarin mai su.

"Wannan malamin makaranta ne, ji gwiwar hannun dama yadda ta suɗe. Wannan kuwa direba ne, baya ya mutu, gaba na nan da rai. Kai, wannan matarsa ba ta son sa, dubi zaren da aka ɗaura maɓallin da shi!"

Duk abin da suka tarar a aljihu, tikitin bas ne, ko rabin mataji, ko takardar alewa, yana da wani gwangwani da yake tarawa. Dokar Auta ce, ba ta aika kaya sai ta zazzage kowane aljihu. Baba kuma ba ya yarda a zubar. Da rana tsaka za ka gan shi bakin taga yana juya su a hannu, kamar mai jiran masu su su zo karɓa.

Kwana bakwai da suka wuce ne kwat ɗin mai ruwan toka ta fito daga ƙasan wata dila. Ulu ce mai laushi, shafinta na ciki ɗinkin hannu. Da Baba ya zura hannu, sai ta zauna masa kamar an auna. Kafaɗunsa suka miƙe. Ya tsaya cikin hasken taga, ƙura na yawo a kansa a hankali, Auta ta ga mutumin da yake kai ta makaranta tana 'yar shekara shida. Ta jira labarin mai kwat ɗin, bai zo ba. Ya daɗe yana bin ɗinkin ciki da ɗan yatsa.

"Wanda ya ɗinka wannan bai yi sauri ba," ya ce kawai.

A ranar ta tuna abin da ta sani tuntuni ba ta taɓa kula da shi ba. Duk kwat ɗin da ya ɗinka a duniya, babu ko ɗaya da ya ɗinka wa kansa.

"Baba, ka riƙe ta mana," ta ce.

"Kul! Ɗan kasuwa ba ya cin jarinsa. Sa ta a layi."

Auta ta san halin kayanta. Abin da Baba ya ce a'a, ko duniya za ta taru a'a ne. Sai ta yi dabara. Ta zaɓi hoton da ya fi duhu, ta rubuta "kwat ta maza, an sa" ba ƙari, ta jefa ta can ƙasan shafi. In kwana bakwai suka cika ba wanda ya taya, sai ta zo da fuskar tausayi ta ce, "Baba, ta yi kwantai, ka taimaka ka raba ni da ita." Wannan kam ba zai ƙi ba, tunda taimako ne. Kullum da yamma yakan tambaya, "An taya mai ruwan tokar?" Ita kuma ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Shiru, Baba." Har ta fara yaba wa kanta da iya wasan kwaikwayo.

Yau ce rana ta bakwai, ƙarfe biyar na yamma agogo zai tsaya. Da hantsin nan, tana shigowa kasuwa, wayar ta yi ƙara: an taya kwat ɗin. Mai Tayi Na Ɗaya. Shafin ba ya nuna suna sai an gama, lamba kawai yake ba mutum. Kuma dokarsa ba ta da kunya: da zarar tayi ya faɗi, mai kaya ba ya janyewa, ba ya kuma taya kayansa. Wanda aka kama, an rufe shagonsa ke nan.

Ta fita daga rumfar Mai Dila, ta raɓe bayan wani tulin takalma, ta kira yayarta da ke aiki a kantin magani.

"Yaya, buɗe wayarki ki taya min wata kwat."

"Kwat? Me zan yi da kwat, ni da mijina ko singileti yana kuka da zafi?"

"Ta Baba ce. Ni zan biya. Duk abin da aka sa, ki ɗora kaɗan."

Yaya ta ce, "Auta, in aka kama ki fa?"

"Ki taya dai, don Allah."

Haka Yaya ta zama Mai Tayi Na Biyu. Ba a yi rabin awa ba Na Ɗaya ya ɗora. Yaya ta ɗora. Shi ma ya sake ɗorawa, ɗan mitsitsi, daidai abin da doka ta yarda da shi, ba ƙari ko ƙwandala. Ikon Allah! Wane irin maƙo ne wannan, kuma wane irin naci? Auta ta tsinci riguna uku a dilar ba tare da ta duba hammatarsu ba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta cusa a buhu ta nufi tasha.

Bas ɗin ya cika ya tumbatsa. Ta samu wuri kusa da taga, buhu a kan cinya. Rana ta karkata, motar na rarrafe, idonta ya fara lumshewa. Sai ta riƙa ganin Baba cikin kwat ɗin yana tafe a bakin titi, hannu ɗaya a aljihu, yana wuce motoci ɗaya bayan ɗaya, idonsa garau, masu shaguna na fitowa suna gaishe shi. Ya waiwayo zai ce mata wani abu, wayar ta girgiza a hannunta.

"Mutumin nan maye ne," in ji Yaya. "Sau tara ke nan. In ci gaba?"

"Ci gaba."

"Mun wuce kuɗin sabuwa fa."

"Yaya, sabuwa ba ta san kafaɗarsa ba. Ci gaba."

A nan ne ta lura da abin da ya kamata ta tuna tun safe, ita da take wannan sana'a. Shafin yana ɗaga duk kayan da ake rububi a kai ya kai shi saman layi. Kwat ɗin da ta binne a ƙasa yanzu ita ce ta farko da kowa zai gani in ya buɗe, an manna mata alamar wuta. Da safe mutum biyu ne ke kallo. Yanzu sun haura sittin.

Saura minti huɗu, Na Ɗaya ya yi shiru. Yaya ce a sama. Auta ta ƙanƙame wayar, tana ƙirga daƙiƙa a zuci, kwandasta na mata maganar kuɗin mota ba ta ji. Saura daƙiƙa goma. Saura shida. Sai ga wani Mai Tayi Na Uku, wanda bai ce uffan ba duk yini, ya faɗo da ninkin kuɗin gaba ɗaya. Agogo ya tsaya. Shafin ya watso mata furanni yana taya ta murna.

Kuka ta yi, ba wani ɓoye-ɓoye. Matar da ke kusa da ita ta dafa ta ta ce, "Sai haƙuri, 'yata, wa ya rasu?" Auta ta rasa yadda za ta ce mata riba ta ci, ribar da ba ta taɓa ci ba.

A ƙasan benensu akwai shagon Mai Guga, tsohon abokin Baba, wanda ke goge mata kaya. Kawu take ce masa. Tun daga bakin layi ta jiyo muryarsa yana faɗa. Ta leƙa. Baba na zaune a kan benci, hannuwa a kan gwiwa. Kawu ya kafa tabarau a ƙarshen hanci, ya kusa haɗiye wayarsa, dutsen guga na can ya huce.

"Ni ba Na Ukun nan ne ya ƙona min rai ba," Kawu ke cewa. "Na Biyun nan! Tun hantsi yake bin mu ƙafa da ƙafa kamar mun ci masa gado. Ba don shi ba da tuni... A'a, Auta, sannu da dawowa."

Ya yi wuf ya tura wayar ƙarƙashin wani zanen gado. Ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Buhun ya sulale daga hannunta. "Baba, kai ne Na Ɗaya?"

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. "Kwana shida kina dawowa kina ajiyar zuciya. Na ce kaya mai kyau irin wannan ya yi kwantai a hannun 'yata ina zaune? Ina da ɗan abin da na ajiye. Kuma ina son ta. In na saya da kuɗina ai ban ci jarinki ba."

Auta ta zauna a ƙasa, nan kan simintin shagon. "Na Biyun Yaya ce, Baba. Ni na sa ta. Kai nake saya wa."

Kawu ya cire tabarau, ya dubi uban, ya dubi 'yar, ya tafa hannu. "Yau na ga abin da ya isa! Ashe yini guda gida ɗaya ke faɗa da kansa, ni kuma ina ta tsine wa 'yar da na yi wa goyo!"

Baba ne ya fara dariya. A hankali ta taso, har kafaɗunsa na rawa, har ya sa gefen hannu yana share ido. Rabon Auta da jin wannan dariyar tun kafin a lulluɓe keke.

"Zan soke cinikin," ta ce. "In sun so su rufe shagon."

"Ba za ki soke ba. Mutum ya taya, an sallama. Yaushe masu ɗaukar kaya za su zo?"

"Gobe da hantsi."

"To, ɗauko ta."

Ta hau sama ta sauko da ita. Kawu ya mayar da dutse wuta, ya goge ta a natse. Baba ya laluba ya gano maɓalli ɗaya da ya yi sako-sako. Auta ta zura masa zare, ya ɗinke shi da yatsunsa kawai, idonsa na kallon ƙofa. Sannan ya miƙe ya sa ta.

"Zo ki raka ni bakin titi."

Suka tafi a hankali, rana ta yi ja, inuwarsu ta yi tsawo a gabansu. Hannunsa ɗaya na aljihu, ɗayan a kafaɗarta. Mai gyaran agogo ya ɗago ya ce, "Tela, yau ina zuwa haka?" Baba ya ce, "Nan kusa." Suka kai bakin titi, suka tsaya motoci na wucewa, suka juyo.

Da safe shi ya naɗe ta da kansa, hannu a kan hannu, yadda yake naɗe wa manyan kwastomominsa a da. Auta ta kawo kwali. Kafin ta rufe, hannunta ya bi aljihu ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba. A na ciki, wajen ƙirji, ta taɓo wani abu ɗan fale-fale mai santsi. Ta san shi tun kafin ta gani. Allin tela ne, shuɗi, wanda ya suɗe har ya kusa ƙarewa, na ƙarshe da ya rage masa.

Ta dubi Baba. Yana bakin taga da gwangwaninsa a cinya, ya juya mata ƙeya, wai shi bai san komai ba.

A ƙasa mai ɗaukar kaya ya danna hon. Auta ta mayar da allin inda ta same shi, ta rufe kwalin.