Kujerar Bayan Gilashi

Kujerar tana ajiye ne a bayan gilashin wani kantin kayan ɗaki, a kan hanyar da Yaya take bi in za ta sayo zare da maɓallai. Ta fata ce ruwan toka, da wani ɗan ƙarfe a gefenta wanda in aka ja shi sai bayanta ya kwanta, wurin miƙe ƙafa ya fito. Tun ranar da likita ya ce bayan Mama ba ya son kwanciya sosai kuma ba ya son zama sosai, abin da ke tsakani yake so, Yaya ta sa wa kujerar nan ido.

Yaya ce babba a ɗakinsu. Tela ce, kekenta na ɗakin zaure, kuma ita ke zaune da Mama tun da ciwon ya kayar da ita. Ita ke dafa ruwan gashi, ita ke shafa magani, ita ke shan faɗa in ruwan ya yi zafi ko ya huce. Amma in 'yan dubiya suka zo, zancen Mama ɗaya ne: Auta. Auta ta bugo waya, Auta ta aiko da lemo. Ita kuwa Autar tana gidan mijinta a can ƙarshen gari, tana leƙowa ranar da ta ga dama, ta zauna bakin gado ta ba Mama dariya, ta tafi ta bar ɗakin da ƙamshin turare. A irin ranakun nan keken ɗinkin Yaya yana jin jiki.

Saboda haka ta yi ta tari a ɓoye, ba ta gaya wa kowa ba. Tana son bayan Mama ya huta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma abin da ya fi cin ranta shi ne ta ji, ko sau ɗaya, Mama ta nuna wa baƙi wani abu ta ce, "Babba ce ta kawo min."

Ranar da kuɗin suka kai, ta yi kwalliya ta shiga kantin. Wani dogon mutum mai jan taye ya taro ta baki har kunne.

"Sannu da zuwa, Anti. Me za a ba ki?"

"Waccan kujerar ta gaban gilashi."

"Kai, kin iya zaɓe! Duk kantin nan babu kamarta." Ya shafa fatar da tafin hannu. "Sai dai ba ta sayarwa ba ce. Ta nuni ce."

"Nuni ga wa?"

"Ga masu saye."

"To ga mai saye ta gani, ta kuma yaba. Ɗauko min irinta a sito."

"Sun ƙare, Anti."

"Yaushe za a kawo wasu?"

"Sai babban ofis ya ga ana sayenta sosai."

Yaya ta dube shi daga taye har takalmi. "Bawan Allah, ta yaya za a saye ta alhali babu ita?"

"Abin da ya sa ba su kawo ba ke nan," in ji Dogo, cikin ladabi, kamar wanda ya warware mata wata babbar matsala.

Ta sake komawa, ta kuma sake. Ta ce za ta ƙara kuɗi, ya ce injin kanti ba ya karɓar abin da ya wuce farashi. Ta ce to a cire farashin da ke rataye jikin kujerar tunda yaudara ce, ya ce dokar kanti ta hana a ajiye kaya babu farashi. Ta ba shi labarin bayan Mama, ya yi mata jaje har da girgiza kai, ya kuma nuna mata wani teburin cin abinci da aka yi wa ragi. A zuwanta na ƙarshe ta cika ta yi fam. Ta ja tsaki, ta juya a fusace, jakarta ta yi lilo, ƙarfen bakin jakar ya karci hannun kujerar, ya bar wani farin layi kamar tsawon yatsa. Dogo yana can yana amsa waya, bai gani ba. Yaya ta fice da sauri, ba ta waiwaya ba.

Ba a jima ba, wata ranar da hantsi tana cikin yanka yadi, ta ji tsayuwar mota da muryar Auta tana cewa, "A hankali, a hankali, ku karkata ta!" Ta ɗaga labule, sai ga 'yan dako suna shigowa da kujerar. Ita ɗin dai, ruwan toka, mai ƙarfe a gefe.

Aka zaunar da Mama, Auta ta ja ƙarfen, bayan kujerar ya kwanta. Mama ta saki wani dogon numfashi da Yaya ta manta rabon da ta ji irinsa. Fuskar nan da ciwo ya ɗaure ta warware. Ta kama hannun Auta ta shiga sa mata albarka, ta sa wa mijinta, ta sa wa 'ya'yanta, har da waɗanda ba a haifa ba.

"A ina kika samo?" Yaya ta tambaya, almakashi na hannunta.

"Kantin nan na kan hanyarki mana, Yaya, ina mamaki ba ki taɓa lura da ita ba. Mama ta gaya min abin da likita ya ce, ina wucewa na hango ta. Mutanen nan suna da abin dariya. Wai in kayan nuni lafiyarsa ƙalau, ba a sayarwa, amma in ya samu tabo dole a fitar da shi daga kanti. Dubi nan." Ta ɗora yatsa a kan farin layin. "Wannan ɗan abin ne ya sa suka sallama min, har da ragi. Allah ya saka wa wanda ya karce ta."

"Amin," in ji Mama, idonta a lumshe.

Yaya ta koma zaure, ta yanka hannayen rigar mutane a gurguje, sai da ta gama ta ga duka biyun na hagu ne.

Daga ranar gidan ya canza. Mama na cin abinci a kujera, tana barcin rana a kujera, ta daina kiran Babba a zo a juya ta. Kamata ya yi Yaya ta ji daɗi, ta kuma san haka, amma kishi ba ya jin magana. Duk mai shigowa dubiya sai an nuna masa yadda ƙarfen yake aiki, kuma daga zaure Yaya tana jin komai.

"Ku gani, duk cikin masu cewa sannu, ba wanda ya yi tunanin bayan nan nawa sai Auta. Yarinyar nan akwai hangen nesa."

Wata maƙwabciya ta ce, "Ai Babba ma tana ƙoƙari."

"Tana yi," in ji Mama. "Ita dai faɗa ne da ita."

Maganar nan ta yi wa Yaya ciwo. Ita ta ga kujerar, ita ta yi tari, ita ta sha wulakancin mai jan taye, kai, har tabon da ya buɗe ƙofar ciniki ita ta yi shi da jakarta. Auta kuwa wucewa kawai ta yi, kamar yadda take wucewa ta kan komai a rayuwa, aka miƙo mata. In ta faɗi gaskiya a gida ma, me za a ce? Za a ce Babba ta fara hassada.

Washegari ta nufi kantin ta ce manaja take son gani. Ba ta je da niyyar komai ba sai ta amayar da abin da ke cinta. Manajan wani mai sanyin murya ne, ya ba ta wurin zama a ƙaramin ofishinsa, ya saurare ta har ta kai aya.

"Ki yi haƙuri, Madam. Lokacin da kika zo kujerar ba ta da tabo, ba mu da ikon sayarwa. Lokacin da waccan ta zo tana da tabo, ba mu da ikon riƙewa. Ba a zalunci kowa ba."

"Ba a zalunci kowa ba?" Muryar Yaya ta tashi. "To ni na yi tabon! Ni! Da ƙarfen jakar nan. Aikina ne wata ta zo ta ci."

Manaja ya gyara zama. "Ke kika yi?"

"Ni."

"To magana ta canza. Tabon da kaya ya samu don kansa, na daɗewa a nuni, shi ne tabo a wurinmu. Wanda mutum ya yi kuwa ɓarna ce, kuma kayan ɓarna ba a sayarwa. Sai a mayar wa mai shi kuɗinsa, a ɗauko kayan, a aika babban ofis su gyara."

"In sun gyara sai ku sayar?"

"In ta gyaru ai ta koma ta nuni."

Yaya ta ƙanƙame jakarta. Manajan ya dube ta, ya rage murya, don shi ma da alama yana da uwa.

"Amma ni ban ga lokacin da aka yi ba, Madam. Jakunkuna da yawa suna shigowa kantin nan. In kika ce ba ki da tabbas, maganar ta mutu a ɗakin nan."

Ya ba ta hanya a buɗe, kuma ta gan ta sarai. Ta tuno fuskar Mama tana barci, baki ɗan buɗe, hannu a kan ciki. Ta kusa miƙewa ta ce a bar zancen. Sai ta ji muryar nan a kunnenta, ita dai faɗa ne da ita, ta kuma hango Auta tana ɗora yatsa a kan farin layin tana dariya.

"Ina da tabbas," ta ce.

A hanyar gida ta yi ta lallashin kanta. Kantin da ya kasa kawo kaya daga babban ofis, yaushe zai tuna da ɗauko kujera daga gidan mutane? Za su manta. Ta tsaya ta saya wa Mama ayaba, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ba su manta ba. Abin da ya shafi hana mutum kaya, kantin nan ba ya wasa da shi. Suka zo da rana tsaka, ranar da Auta ta kawo ziyara, Dogo a gaba da jan tayensa, 'yan dako a bayansa. Ya yi sallama, ya rusuna ya gaida Mama, ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ajiye ambulan ɗin kuɗin Auta a kan tebur.

Auta ta yi tsalle ta dire. "Ku ɗauke ta? Tana kai fa! Ba ku ga tsohuwa ba ce? Na saya, na biya, wace irin doka ce wannan?"

"Wallahi ba daga ni ba ne, Anti. An gano cinikin bai halatta ba."

"Wa ya gano?"

Hayaniyar ce ta fito da Yaya daga zaure, da ma'auni rataye a wuyanta. Dogo na ganin ta ya saki fuska, ya ji daɗin samun wadda ya sani.

"A'a, Anti, ashe nan ne gidan? Manaja ya ce in na gan ki in yi miki godiya da kika zo da kanki kika faɗi gaskiya. Ya ce kuɗin gyaran ma an yafe miki."

Auta ta buɗe baki ta kasa rufewa. Mama ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta juyo da kai a hankali ta dubi babbar 'yarta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta kai hannu da kanta ta lalubi ƙarfen ta ja, bayan kujerar ya miƙe.

"Ku ba mutane kayansu," ta ce.

Sai an ɗaga Mama kafin a fitar da kujerar. Yaya ta matso, ta miƙa hannu.

"Bari," in ji Mama. "Auta, zo ki kama ni."

Auta ta zo tana share hawaye. Ba ta taɓa ɗaga Mama ba. Ta sa hannu a hammatarta ta ja sama da ƙarfi, bayan ya lanƙwashe ta inda bai kamata ba. Mama ta cije leɓe, gumi ya tsatsafo mata a goshi, amma ko nishi ba ta yi ba. Yaya ta ji abin har cikin nata ƙashin bayan.

"Ba haka ba," ta ce. "Ki tallafo ƙugunta tukuna, ki bar ta ta jingina a kafaɗarki. Mama, don Allah ki bari in..."

Mama ba ta dube ta ba. Ta ƙara riƙe wuyan Auta.

"Ƙyale ta," ta ce. "Za ta koya."