Sharaɗin Farko na Duban Zuciya

Mutum uku ne a gidan, a gabashin Takanamat. Akwai Inna Safi, tsohuwa mai ƙarfin murya. Akwai surukarta Raƙiya, ma'aikaciyar jinya a gidan likitan garin, shekararta goma sha biyu tana wannan aiki. Sai Nasiratu, ɗiyar Raƙiya ta fari, mai shekara goma sha ɗaya, tana aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Maigidan, Alƙasum, yana Abijan wajen nema kamar yawancin mazan Adar, sai damina ta kama yake zuwa.

Suna da gero a rumbu, suna da awaki biyar. Abin da suka rasa, su da duk ƙauyukan da ke kewaye, shi ne mutum ɗaya da ya iya duba zuciya. Ta kan Isufu, ƙanen Nasiratu, suka san wannan rashi. Ciwon maƙogwaro ya yi ta kama shi yana sakinsa. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya gagare shi ko da tafiya bakin rijiya ce. Raƙiya ta yi ta ɗora abin saurare a ƙirjinsa, tana jin wata ƙara da ba ta gane ba. Kafin a kai shi inda ake da na'urar eko, wadda ke nuna cikin zuciya a kan gilashi, ƙofar zuciyar ta riga ta lalace. Yana da shekara bakwai ya rasu.

Shekara biyu bayan haka wata ƙungiyar likitoci ta buɗe horo a Tawa. Ma'aikatan jinya huɗu za a ɗauka daga arewacin Adar, a koya musu duban zuciyar yara wata shida, sannan a ba kowa ƙaramar na'ura ya riƙa zagaya makarantu. Mutum talatin da ɗaya suka zauna jarrabawar rubutu, tara suka haye, har da Raƙiya. Aka koya musu riƙon na'urar mako guda, aka sallame su gida. Saura gwajin hannu. Kowa zai zo da yaro mai shekara takwas zuwa sha biyu, da babba ɗaya da zai zauna da yaron. A can za a yi musanya, kowa ya duba ɗan wani.

Raƙiya ba ta taɓa kiran sunan Nasiratu ba. Haka ake yi da ɗan fari, kunya ce. Tun da aka yaye yarinyar aka mayar da ita ɗakin Inna. In Raƙiya tana son ta sai ta ce "ke", ko "yarinyar nan", ko "ta wajen Inna". Sunan mijinta ma ba ya fita bakinta, "maigidan" take cewa. Ita kuma Nasiratu Yaya take ce wa uwarta. Ta san al'ada ce, ƙawayenta 'yan fari duk haka ake musu. Amma ta tuna yadda uwarta kan ɗaga murya daga madafa ta ce "Isufu!", kuma wani lokaci takan tambayi kanta ko nata sunan yana cikin kan Yaya ma.

Kullum bayan la'asar Raƙiya kan shimfiɗa tabarma ta yi gwaji. Matashin kai ne yaron, sandar sabulu ce kan na'urar. Nasiratu ke riƙe takardar sharuɗɗa, tana bi da yatsa don kada a tsallake ko ɗaya. Sharaɗi na farko an ja masa layi da jan alƙalami: mai dubawa zai faɗi cikakken sunan yaron da ƙarfi, yaron ya amsa. Wanda ya tsallake wannan ya faɗi, komai kyawun hoton da ya samo. An gaya musu dalili. Hoton zuciya ba shi da fuska, in aka haɗa shi da sunan wani yaro, mai lafiya zai sha magani, mai ciwo ya koma gida.

Ran nan Nasiratu ta ɗago kai daga takardar.

"Yaya, in anka ba ki ni fa?"

"Ba a ba ni ke. Musanya za a yi."

"In ba a yi ba?"

"Ke, karanta na biyu."

Ranar gwajin suka bi motar safe, su uku. Wurin horon wani gida ne mai farfajiya da itacen dogon yaro guda biyu. Iyaye da yara na zaune a kan benci. Inna Safi ta dubi jikarta sama da ƙasa.

"Wanga ƙirji naki kamar na zabuwa, mi za su gani ciki?"

"Naki za a duba, Inna, a ga goro ya cika shi."

"Ji 'yar nema! Ni zuciyata ta ga fari uku ba ta tsaya ba."

Wani ma'aikacin jinya daga Bambeye, Souleyman, ya yi dariya har ya buga cinya. Shi ya zo da ɗansa, wani ƙato mai shekara tara. Souleyman ɗin aka fara kira, aka ba shi ɗiyar wata mata daga Afala. Ba a jima ba ihun yarinyar ya cika farfajiyar. Baƙon namiji, ɗaki mai duhu, ga wani abu mai sanyi a ƙirji. Aka fito da ita tana shessheƙa. Na biyu ma haka, ɗan Souleyman ne da kansa, ya ƙwace ya fito a guje, riga a hannu.

"Wanga shi na jarumin Bambeye?" in ji Inna.

"Hajiya, a gida har kunama shika kamawa," in ji Souleyman, yana share zufa.

Sai shugaban horon ya fito. Lokotoro Aghali ne, babban likita, dogon mutum mai farin gashi a gemu, mai magana a hankali. Ya ce yara sun tsorata, kuma zuciyar yaro mai kuka ba ta dubuwa. Saboda haka an fasa musanya. Kowa zai duba yaron da ya zo da shi.

Mutane suka yi ajiyar zuciya, Souleyman har da hamdala. Nasiratu ta saci kallon uwarta. Raƙiya tana kallon ƙasa, tana murza bakin gyalenta tsakanin yatsu biyu.

Su ne na shida. Uku suka shiga suka fito. Rana ta tsaya tsaka, inuwar itacen ta matse, aka ja bencin. Nasiratu ta yi ta lissafi a ranta. Ko ta ce cikinta na ciwo? To, sai a ce Yaya ba ta zo da yaro ba. Ko ta roƙi Souleyman ya ba da aron ɗansa? Yaron ma ya ƙi sakin wandon ubansa. Sunanta cikakke Nasiratu Alƙasum ne: sunan ɗiyar fari da sunan miji, a jere, kuma a gaban uwar mijin. Ta matsa kusa da uwarta, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, ki hwaɗi da sauri. Inna ba ta ji sosai."

"Wa ac ce miki ba ni ji?" in ji Inna, ba tare da ta waiwayo ba.

Raƙiya ta ci gaba da murza gyalenta.

Ɗakin ƙarami ne, an rufe tagoginsa da baƙin ƙyalle don hoto ya fito. Gado ɗaya, na'ura a kan tebur, kujerar mai rakiya a kusurwa. Inna ta zauna can. Lokotoro Aghali yana riƙe da takarda da alƙalami. Ya ajiye agogonsa a kan tebur.

"Minti goma, Madam. Bismilla."

Raƙiya ta wanke hannu. Ta gaishe da yarinyar kamar yadda aka koya. Sai ta buɗe baki, ta rufe.

"Ke," ta ce, "hau ki kwanta."

Nasiratu ta ga alƙalamin lokotoro ya sauko kan takarda. Ba ta san lokacin da maganar ta fito mata ba.

"Sunana Nasiratu Alƙasum! Aji biyar!"

"Madalla, ɗiyata," in ji lokotoro. "Amma ba ke ake gwadawa ba." Ya juya ga Raƙiya. "Ta fari ce?"

Raƙiya ta gyaɗa kai.

"Na gane. Ni ma ɗan fari ne, na san abin. Sai dai ba ni da ikon ɗauke miki wannan sharaɗi. Gobe za ki shiga lakwal mai yara ɗari, a cikinsu akwai masu sunan surukinki, akwai masu sunan mijinki. In kika yi shiru a kan ɗaya, a nan kuskure zai shigo. Ban rubuta komai ba tukuna. Agogo dai yana tafiya."

Nasiratu tana tsaye a bakin gado. Ta tuna yammacin da suka yi a kan tabarma, da sandar sabulun da ta ƙanƙance don yawan riƙo. Minti ɗaya ya wuce.

Sai aka ji kujera ta yi ƙara. Inna Safi ta miƙe, ta juya kujerar ta fuskanci bango, ta zauna, ta ja mayafi ta rufe kanta har kunnuwa.

"Ni bango nika kallo," ta ce. "Bangon nan ko fenti mai kyau ba a yi mai ba."

Raƙiya ta ɗago kai. Ta dubi ɗiyarta ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Nasiratu," ta ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. Ta sake, da ƙarfi. "Nasiratu Alƙasum."

"Na'am," in ji yarinyar.

Daga nan aiki ya kama. Raƙiya ta kwantar da ita a gefen hagu, hannu ƙarƙashin kai. Ta shafa man nan mai sanyi, ta ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Amma hoto bai zo ba. Gilashin ya cika da toka-toka kamar tafasar ruwan kanwa. Nasiratu tana jin hannun uwarta na rawa a kan ƙirjinta. Ta yi mamaki, don abin da ake tsoro ai ya wuce.

"Saura minti huɗu," in ji lokotoro.

Raƙiya ta sauko haƙarƙari ɗaya, ta karkata hannu kaɗan. Sai ga zuciyar ta bayyana. Wani abu baƙi da fari yana matsewa yana saki, ɗakuna huɗu, da 'yan ƙofofi masu kaɗawa kamar fiffike. Raƙiya ta ambaci ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan ƙofar hagu, wadda ta kashe Isufu, sai ta tsaya. Ta kunna launi, ja da shuɗi suka bayyana. Ta matso da fuskarta har ta kusa taɓa gilashin.

"Me kika gani, Madam?"

"Ƙohwar tana buɗewa, tana ruhewa. Jini bai komawa baya." Ta sake dubawa. "Bai komawa baya. Lahiya lau take."

"Na ji. Sau ɗaya ya isa."

Rawar hannun ta tsaya. Akwai takardar goge mai a kan tebur, amma Raƙiya ta manta da ita. Da bakin zanenta ta share ƙirjin yarinyar, a hankali, har inda man bai kai ba.

"An gama?" in ji Inna daga kusurwa. "Wuyana ya ƙage."

Sai bayan la'asar aka liƙa takardar sakamako a jikin ƙofa. Raƙiya ta yi zamanta a kan benci. Nasiratu ce ta kutsa tsakanin manya, ta yi ɗage, ta bi sunayen da yatsa. Huɗu ne. Na farko ba ita ba ce, na biyu Souleyman ne, wanda ya riga ya ɗaga ɗansa sama yana juyi da shi. Na uku ba ita ba ce. Yatsan ya sauka kan na huɗu.

Ta dawo a guje. "Yaya, kina ciki! Ke ta huɗu!"

Raƙiya ta rufe fuska da tafin hannu biyu, ta daɗe a haka. Inna ta ce Alhamdu lillahi sau uku, sannan ta ce yunwa take ji, tun safe ba wanda ya tambaye ta.

A hanyar tasha babura na ta wucewa. Raƙiya tana gaba da jakar takardunta. Da suka zo tsallaka titi ta waiwayo.

"Ke, riƙe hannun Inna."

Nasiratu ta riƙe. Ta san daga yau "ke" za ta ci gaba da zama, wataƙila har ta tsufa, kuma abin bai dame ta ba. Ta gane cewa sunanta yana wurin uwarta tun da can, a ajiye, kuma abin da ya sa hannun nan rawa tsoro ne kada ta ga ciwon Isufu a cikin ƙirjinta.