Yadda Gajere Ya Faɗi

Asabe tana tsaye kan turmi tana leƙen katanga lokacin da mutum biyu suka shigo riƙe da maƙwabcinta Gajere. Faɗuwa ya yi daga matakala a kamfanin casar shinkafa da ke hanyar Bakura, inda yake dakon buhu. Sai cewa yake a sake shi, ba komai, kansa ne kawai ya ɗan bugu. Ya ci tuwonsa, ya yi salla a zaune. Kafin Juma'a ta zagayo an kai shi makwancinsa.

Asabe dai ba a barinta da rabin labari. Mutumin da ya tsufa yana hawa rumbu da dami a ka, ta yaya matakala za ta kayar da shi? A wajen zaman makoki ta ji mata suna raɗa wai 'yan dako ai sai da ƙwaya suke aiki. Larai, matar mamacin, ita ma ta ji. Ta sunkuyar da kai, ta kasa kare mijinta, don ba ta san abin da ya faru ba. Abin ya yi wa Asabe ciwo ƙwarai.

Da Hayatu abokin aikin Gajere ya zo ta'aziyya, ta tare shi a zaure. Bayan doguwar gaisuwa ta tambaye shi ko santsi ne, ko wuta aka ɗauke. Ya ce ko ɗaya. Sai ta yi masa zancen ƙwaya ba kwana-kwana. Hayatu ya ɓata rai.

"Baba Gajere? Ko goro sai an matsa mai. Inna, buhun wani ya yage, shinkahwa ta zube bisa matakala. Mu duk takawa muka yi muka wuce. Shi ko ya ce ba shi taka abinci. Shina da buhu ga kai ya tsallake, ƙahwa ta sarƙe da wayar inji."

Asabe ta ce ya shigo ya maimaita a gaban matan nan duka. Ya shiga yana jin nauyi, ya faɗa yadda ya faɗa mata.

"Haka shike," in ji Larai a hankali. "Ko ga gida haka shike."

Kusa da ita wata mata tana tsintar shinkafar sadaka a faifai, tsaba kaɗan ta zube gefen tabarma. Larai ta miƙa hannu ta tattara ta, ta hure ƙasar, ta mayar cikin faifan.