Kujerar Bakin Ƙofa

A maƙerar tagulla ta ƙarshen layi, babban maƙeri ne ke zama a bakin ƙofa, inda haske yake, shi kuma masu saye ke gaisarwa. Kakan masu maƙerar ne ya kafa ƙa'idar: ranar da tukunya ta tsage a hannunka, ka tashi ka koma zuga wuta. Yaya ke kan kujerar tun rasuwar ubansu. Ƙanensa, wanda har ya yi furfura ana ce masa Auta, yana can baya cikin hayaƙi yana jira.

Da kunne ake aikin tagulla. In ta sha guduma sai ta yi tauri, ƙararta ta sirance. A nan ake mayar da ita wuta ta yi laushi, in ba haka ba ta tsage. Kunnen Yaya kuwa ya fara mutuwa, bai gaya wa kowa ba. Sai ya koma satar kallon Auta: tare suke fara bugu, da ya ga ƙanen ya nufi wuta, shi ma ya miƙe.

Ran nan Auta bai tashi ba, yana ta bugu, kai a sunkuye. Yaya ya ji tukunyar tana turje masa, amma ya ce a ransa ai munafukin can kunnensa garau ne. Ya ƙara mata guduma. Gindin ya tsage har gefe.

Sai Auta ya ɗaga abin da yake bugawa. Tsohon murfi ne da aka jefar tun bara.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Ba ka ji kukanta ba? Har telan tsallaken titi ya ji."

"Me ka ce?"

"Na ce tashi."

"Ciki ɗaya muka fito, Auta."

"Shi ya sa na san ka."

Yaya ya kwashe gudumominsa ya koma baya. Auta ya kakkaɓe kujerar da hula kafin ya zauna, kamar kare ne ya tashi a kai.

Da rana ta karkata Auta ya kawo butar da ya daɗe yana fama da ita, ya tura cikin garwashi, ya ce, "Zuga mini." Ya koma ƙofa yana washe wa wani mai saye baki. Butar ta yi jajur. Auta ya waiwayo ya ɗaga murya, "Ya isa haka, Yaya."

Yaya ya ga leɓɓansa sarai. Ya ƙara gawayi, ya gyara zama, ya ci gaba da zuga har wuyan butar ya lanƙwashe ya fara narkewa.