Mayafin Bagadin Agatha

Agatha ta zazzage ledar a kan gado, ta shimfiɗa farin ƙyallen da take yi wa ɗinkin ado, sai ta ji kanta ya sara. An gama shi! Inda ta bari rabi duk an cike, zare ya kwanta luf. Aikin keken ɗinki ne, ko makaho ya shafa ya sani.

"Maman Ashraf!" ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

Rakiya ta shigo baki har kunne. "Kin gani ko? Kina fita Sabon Gari na kai wa Malam Nagoda tela. Wata huɗu kina tsiyayar da ido, shi kuwa kafin azahar ya sallame ni."

Wai ita nan taimako ta yi. Shekara talatin suna gida ɗaya a Tudun Wada, amma matar nan ba ta taɓa ganin abu ta bar shi inda yake ba.

"Wa ya aike ki? Ranar da 'yata Ugochi ta kusa mutuwa wajen haihuwa, na durƙusa a barandar asibiti na ce, Ubangiji, in 'yata ta tashi, zan ɗinka wa bagadin coci mayafi da hannuna kafin Ista. Da hannuna, Rakiya! Ista kuwa gobe ce."

Rakiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Bakance ne? Haba baiwar Allah, ai da sai ki faɗa!"

"A ɗakina ma sai na yi shela?"

Agatha ta sake duban ƙyallen. Abin haushin, ya yi kyau. Fada, limamin cocinsu, ba zai gane ba, matan zumunta ma sai dai su yaba, ga yatsunta sun kumbura. Amma ai ba da Fada ta yi maganar ba. Ta ja tsaki, ta ɗauko reza.

Rakiya ta fizge. "Kawo nan, ke zura zarenki. Warwara dai ba ta cikin alkawarin, ko?"

"Ba ta ciki."

Suka zauna a bakin ƙofa inda haske yake, reza tana cin aikin Malam Nagoda. Da Rakiya ta iso kan kurciyar da aka ɗinka a tsakiyar mayafin, Agatha ta riƙe mata hannu.

"Kada ki taɓa fiffiken hagu, nawa ne."

"Na sani," in ji Rakiya. "Ai shi ne karkataccen."